Daga Kwatarkwashi zuwa Burmi: Filayen Dagar da Doka Ba Ta San da Su Ba

A lambun Gamji da ke cikin Kaduna akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, zamanin da garin yake mazaunin Gwamna Lugga, daga baya aka kwance ta aka kawo ta Kaduna. Tun 1956 dokar ƙasa ke kare wannan gada, domin tana cikin rukunin farko na wuraren da aka ayyana a matsayin kayan tarihin Najeriya. A Tilden Fulani ta Jihar Bauchi ma, alamar farko da Turawan haƙar kuza suka kafa tana da irin wannan matsayi. Babu laifi a kare su, don su ma shaida ne a kan wani zamani. Abin da ke damun mai lura shi ne abin da aka tsallake. A cikin wurare 65 da aka daɗe ana ƙirgawa a matsayin abubuwan tarihi na ƙasa, ba za ka ga filin Burmi ba, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Babu Kwatarkwashi, babu Giginya, babu kufan Satiru. Ƙasa ta adana gadar da mai cin yaƙi ya taka, ta bar wuraren da aka tare shi ga ruwan sama da masu yankan filaye. Ra'ayina shi ne jihohin da waɗannan wurare suke cikinsu su haɗa kai su nemi a ayyana su, kuma su neme su a dunƙule, a matsayin zango-zango na labari guda da ya yi tsanani a 1903 ya ƙare a 1906.

Ya kamata a fara tuna abin da ya faru, tun da a baya an yi fiye da shekara goma darasin tarihi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, kuma matasa da yawa sun tashi ba su taɓa jin sunayen nan ba. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata fiye da 700, da Turawa da ba su kai 50 ba, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Hujjar da Lugga ya bayar ita ce Sarkin Kano Alu ya karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoban 1902. Sun fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu kuma suka shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi, sai Sarkin Shanu da 'yan tsirarun mutane suka tsaya a fada har aka kashe su. A kan hanyar dawowa rundunar Kano ta rabu biyu. Wambai Abbas ya komo Kano da wani sashe ya yi sulhu, aka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu ya ci gaba da sauran, ya haɗu da sojan dawaki na Turawa kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya mutu a fagen fama, shi ya sa har yau Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Laftanar Wright, wanda ya jagoranci ɗaya ɓangaren, ya samu lambar jarumta mafi girma ta Ingila saboda wannan karo. Shi kuwa Alu an kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, a fili bayan ganuwar Sakkwato, kuma kafin tsakar rana bindiga mai ruwa ta gama da dawaki da masu. A nan ne shugabanni suka rabu kan tambayar da ta fi kowace nauyi a wancan zamani: a zauna ƙarƙashin Nasara ko a yi hijira? Waziri Buhari ya zauna, ya kuma rubuta wa malamai wasiƙa yana bayyana hujjarsa, cewa wani dole ya tsaya wa talakawan da ba su da halin tashi. Attahiru ya nufi gabas. Abin da ya tsorata Turawa shi ne yadda jama'a suka riƙa barin gonaki da gidaje suna bin sa, daga Zamfara har ƙasar Kano da Misau, malamai da attajirai da talakawa, da wasu sarakunan da aka tuɓe. Sun yada zango a Burmi, kusa da kogin Gongola, a Ƙaramar Hukumar Funakaye ta Jihar Gombe a yau, garin da dama can cibiyar mabiya Malam Jibrilla Gaini ne. Ranar 13 ga Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar farko da ta zo. Ranar 27 ga Yuli aka dawo da babban shiri, aka wuni ana yi. Manjo Marsh, kwamandan Turawa, kibiya mai dafi ta kashe shi. Attahiru ya faɗi, Magajin Keffi ya faɗi, gawarwakin da aka ƙirga sun haura 600, aka rushe garin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Tutar da aka ƙwace daga hannun mutanen Attahiru sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato.

Bayan shekara uku sai ga Satiru, ƙauye mai nisan kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. Mutanensa talakawa ne da malaman karkara da bayin da suka gudo, masu jiran bayyanar Mahadi, ƙarƙashin Malam Isa da wani makahon malami, Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe tawayen Kobkitanda. Ranar 14 ga Fabrairun 1906, da gatura da fartanyu da kibau, suka tarwatsa rundunar da aka aika musu, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris sojoji fiye da 500 suka dawo, mayaƙan Sakkwato na mara musu baya. An kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu kuma ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Kimanin wata ɗaya da rabi bayan haka, a Afrilu, aka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya mutu yana yaƙi a cikin garinsa tare da manyan fadawansa.

Me ya sa doka ba ta ga waɗannan wurare ba? Amsar tana cikin asalin dokar. A 1953 aka kafa dokar farko ta kare kayan tarihi, a ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma mutanen da suka yi mata hidima, irin su Kenneth Murray, hankalinsu yana kan sassaƙa da tagulla da gine-gine da zanen kan duwatsu. Sun yi aikin kirki, shi ya sa muke da Gidan Makama a Kano, da Gidan Madaki a Kafin Madaki, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da zanen duwatsun Birnin Kudu a cikin jerin. Amma ba za a sa rai gwamnatin da ta baje Satiru ta ayyana kufansa abin girmamawa ba. Da aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, da doka mai lamba 77 ta 1979, sai ta gaji jerin kamar yadda yake, kuma ƙarin da aka yi a kansa tun daga lokacin kaɗan ne ƙwarai. Alhali dokar kanta ba ta rufe ƙofa ba. Ta ɗauki ƙasar da aka samu kayan tarihi a cikinta, ko ake kyautata zaton suna nan, a matsayin abin da za a iya karewa. Hanyar kuma a fili take: hukumar ta buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, a sanar da mai wurin, a ba da lokacin ƙorafi, sannan a ayyana da amincewar shugaban ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya ƙara sharaɗin yardar jihar da wurin yake, ya kuma bar wa majalisun jihohi ikon yin tasu dokar. Dokar filaye ta 1978 ta riga ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Saboda haka duk mai jiran Abuja ta fara motsawa zai daɗe yana jira. Daga Gombe da Sakkwato da Gusau da Kano da Dutse ne takardar za ta taso.

Suka ta farko da za a ji ita ce babu abin gani. Wanda ya je Burmi zai tarar da fili da gonaki da kaburbura, na Attahiru da na Marsh a cikinsu, to me za a kare? Wannan tunani ya ɗauka abin tarihi sai gini, alhali filin daga ma yana riƙe da bayanai a cikin ƙasarsa. A jihar Montana ta Amurka akwai filin Little Bighorn, inda ƙabilun Lakota da Cheyenne suka hallaka rundunar Custer a 1876. An yi fiye da shekara 100 ana ba da labarin ta bakin sojan Amurka. A 1983 gobara ta cinye ciyawar wurin, sai masu binciken tarihi na ƙarƙashin ƙasa suka bi filin a 1984 da 1985 da na'urar gano ƙarfe, suna sa alama a kan duk kwanson harsashi da suka tsinta. Da aka zana taswirar, sai aka ga inda kowane ɓangare ya tsaya da yadda rundunar ta watse, kuma abin da ƙasa ta nuna ya fi dacewa da labarin da dattawan ƙabilun suka daɗe suna bayarwa ba a saurare su ba. Halinmu ya yi kama da wannan sosai. Yawancin abin da aka rubuta a kan Burmi da Satiru daga rahoton hafsoshin da suka yi harbin ya fito, mutanen da ke da dalilin ƙara yawan abokan gaba da rage munin abin da aka yi bayan an daina faɗa. Masana irin su R. A. Adeleye sun yi ƙoƙarin tace waɗannan rahotanni, muna kuma da waƙar da ake danganta wa Attahiru kan zuwan Annasara, da wadda Imam Umaru na Kete Krachi ya rubuta a ƙasar Gana ta yau. Amma ina ainihin ganuwar Burmi ta bi, ta wace ƙofa aka shiga, ina mutanen Satiru suka tsaya, har ina aka bi waɗanda suka gudu ana harbi? Kwanson harsashi da tsinin kibiya da guntun sulke za su iya amsawa, muddin ba a tono su an watsar ba. Darajarsu tana ga wurin da suke kwance. Da zarar katafila ta bi ta kai, shaidar ta tafi har abada.

Kuma ba hasashe ake yi ba, asarar ta riga ta fara. Sunan Giginya yana kan filin wasa da barikin soja da otal a Sakkwato, amma birnin ya faɗaɗa ya haɗiye yawancin filin da aka yi yaƙin, har ba kowane ɗan gari ne zai iya nuna maka iyakarsa ba. Kabuga ta zama mahaɗar manyan tituna da gadar ƙasa. Burmi da Satiru da Kwatarkwashi sun tsira zuwa yanzu ne don suna karkara, kuma karkarar da ke kusa da gari mai girma ko babbar hanya ba ta daɗewa tana karkara. Akwai wata asarar da ta fi wannan sauri. Waɗanda suka ga yaƙin duk sun rasu, 'ya'yansu ma haka. Jikokin da suka ji labari daga bakin wanda aka yi a gabansa su ne tsofaffin yau, kuma su ne kaɗai za su iya tsayawa a gona su ce nan ne.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce ganuwar Kano ai tana cikin jerin tun da daɗewa, har an sa ta a jerin jiran UNESCO a 2007, amma me ya hana a cinye ta? An yi gidaje da shaguna a kanta, an kwashi ƙasarta, an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti. Tarar da dokar 1979 ta yanka kuwa, hauhawar farashi ta mai da ita abin da ba ya tsorata kowa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ayyanawar ta haifar ko da a raunane. Duk lokacin da aka taɓa badala ana yin hayaniya, 'yan jarida su rubuta, masana su yi magana, hukuma ta fitar da takarda, domin akwai dokar da za a ce an karya. In gobe wani ya sayi rabin filin Burmi ya fara haƙar tsakuwa, babu laifin da ya yi a idon dokar tarayya, kuma babu wanda ke da hurumin tsayar da shi da sunanta. Darasin ganuwar Kano shi ne ayyanawa ba tare da safiyo da duwatsun iyaka da mai gadi da kasafin kuɗi ba tana zama takarda kawai, don haka a nemi waɗannan tun a cikin buƙatar farko, a kuma matsa wa Majalisar Tarayya ta sabunta hukuncin. Akwai ma wani sauƙi a nan: ganuwar ƙasa mai tsawon kilomitoci a tsakiyar birni mai miliyoyin mutane tana buƙatar yaɓe kowace shekara da faɗa da masu neman fili kullum, fili a karkara kuwa abin da yake buƙata shi ne a san iyakarsa a hana gini da haƙa.

Wasu malamai za su yi tsoron kada a mai da kaburbura wurin neman tabarruki da ɗaukar ƙasa, wasu mutane kuma za su ce wa ke tallar ranar da aka ka da shi. Amsar duka biyun tana Madina. A Uhudu Musulmi suka sha wuya a shekara ta 3 bayan hijira, aka kashe Sayyidina Hamza da sahabbai wajen 70, Allah ya ƙara musu yarda. Ba a ɓoye wannan rana ba, ana karantar da ita ga yara, kuma duk alhajin da ya je ziyara ya ga yadda aka kewaye maƙabartar shahidai ba tare da ƙubba ko ado ba, ya ga tudun maharba, ya fahimci yadda yaƙin ya juya fiye da yadda zai fahimta daga karatu. Ayyana wuri a dokar ƙasa bai wajabta gina komai a kan kabari ba. Hasali ma wurin da ke da hukuma da mai kula da allon bayani ya fi sauƙin tsarewa daga abin da malaman ke gudu a kan wurin da aka bari ba mai shi.

Suka mafi wuya ita ce wadda ba a cika faɗa a fili ba. Labarin 1903 zuwa 1906 ba labarin mu da su ba ne tsantsa. Sojojin da suka harba bindigogin nan yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa, wasunsu tsoffin bayi. Gidajen sarauta da yawa na yau sun fito ne daga waɗanda suka zauna suka karɓi takardar naɗi daga hannun Lugga. A Satiru sarakunan Sakkwato suna gefen Turawa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sun ga tawayen talakawa da bayi barazana ce gare su su ma. Sannan daular da aka ci tana da bayi masu ɗimbin yawa, kuma akwai al'ummomi a kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa da ke tuna dawakinta da harin kama mutane. Ɗan waɗannan al'ummomi yana da haƙƙin tambaya: da kuɗin ƙasar da ni ma nake cikinta za a girmama waɗanda suka kai wa kakannina hari? Mai sarauta kuma yana iya ganin gara a bar kaza cikin gashinta.

Ina ganin wannan suka ita ce babbar hujjar neman matsayin ƙasa maimakon barin kowace masarauta ta yi nata. In masarauta ko jiha ce kaɗai ke riƙe da wuri, labarin da zai fito shi ne wanda ya yi wa masu gida daɗi: za a ɗaukaka Burmi a yi shiru a kan Satiru. Wurin da ke ƙarƙashin dokar ƙasa kuwa na kowa ne, kuma ana iya tilasta masa ya faɗi duka: hujjar Attahiru da hujjar Waziri Buhari, sunan Marsh da asalin sojojin da ya jagoranta, bawan da ya bi ubangidansa hijira da wanda ya ga dama ta samu ya gudu. Afirka ta Kudu ta fuskanci irin wannan a bakin kogin Ncome, inda Turawan Bowa suka yi wa Zulu mummunan kisa a 1838 suka kuma gina abin tunawa da nasararsu. Bayan faɗuwar mulkin wariya ba a rushe shi ba, sai aka gina gidan tarihin Zulu a ɗaya gaɓar a ƙarshen shekarun 1990, mai ziyara ya ji bakin kowa. A Amurka ma majalisa ta cire sunan Custer daga filin Little Bighorn a 1991. Don haka duk buƙatar da za a kai Abuja, in babu Satiru a cikinta, neman suna ne kawai, kuma ni ba zan goyi bayanta ba. Mutum 2,000 da aka kashe a rana ɗaya ba su da sarauta, ba su da zuriyar da ke kan karaga, ba su da mawaƙan fada, saboda haka in doka ba ta tsaya musu ba babu mai tsaya musu. Haka kuma jerin ya buɗe ga waɗanda suka yi turjiya ba a ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Maharban Cibok sun riƙe duwatsunsu da kogunansu watanni daga ƙarshen 1906, mutanen Tula a kudancin Gombe su ma sun yi nasu karon, Tibi sun yi a kwarin Binuwai. Jerin da ya haɗa Burmi da Tula a jiha ɗaya zai gaya wa yaran Gombe wani abu game da junansu da ba kasafai suke ji ba.

Saura batun talaka mai gona, da kuɗi, da tsaro. Manomin da ya gaji gonarsa a gefen Burmi yana da dalilin jin tsoro in ya ga mutanen gwamnati da ma'auni, domin sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne ƙwace da diyyar da ba ta zuwa. Bai kamata a tashi kowa ba. Ingila ta buɗe rajistar filayen daga a 1995, kuma yawancinsu gonaki ne da makiyaya a hannun masu su. Abin da rajistar ke yi shi ne tilasta wa hukumar tsara gari ta yi la'akari da tarihin wurin kafin ta ba da izinin gini ko hanya. Fartanya da garmar shanu ba sa shiga ƙasa da zurfi, kuma gona ce ta tsare waɗannan filaye shekara 120. Abin da za a hana shi ne gini da haƙar yashi da tsakuwa da tonon masu neman abin sayarwa, kuma masu gadi da masu yi wa baƙi bayani su fito daga ƙauyukan da ke wurin, da albashi. Ba zan yi wa kowa alkawarin cewa 'yan yawon buɗe ido za su cika yankin Burmi da kuɗi ba, don irin wannan alkawari ya sha ƙarewa a bakin masu jawabi. Baƙin da za a fara samu 'yan makaranta ne da ɗaliban jami'a da zuriyar waɗanda suka yi hijira, kuma sun isa dalili. Kwatarkwashi tana yankin da 'yan bindiga suka addaba, ba wanda zai tura ɗalibai can yanzu. Amma aikin takarda ba ya jiran zaman lafiya: ana iya tattara rahotannin da ke Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a zana iyaka da hoton tauraron ɗan'adam, a ɗauki muryar dattawa ko da suna gudun hijira a Gusau ne.

Dalilin neman su a dunƙule shi ne kowane ɗaya shi kaɗai ba ya bayyana kansa. Ba a gane Burmi sai an san Giginya, ba a gane zafin da aka huce a kan Satiru sai an san tsoron da hijirar Attahiru ta jefa a zukatan Turawa shekara uku kafin nan. Buƙata guda mai sa hannun gwamnoni biyar ko shida kuma ta fi wuyar jefawa cikin durowa a kan buƙatar ƙaramar hukuma ɗaya. Akwai misali a duniya: a 2023 UNESCO ta karɓi maƙabartu da wuraren tunawa 139 na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa da Beljiyam a matsayin abu guda, ta kuma karɓi wurare huɗu na kisan ƙare dangi a Ruwanda. Sharaɗin shiga wannan mataki shi ne ƙasa ta fara kare wurin da dokarta. In an yi haka, hanya za ta buɗe ta yin magana da Nijar, wadda ke da Kobkitanda, da Lugu ta Sarauniya Mangu, da Birnin Ƙonni inda rundunar Voulet da Chanoine ta yi ta'asa a 1899, da kuma Sudan in Allah ya kawo mata ƙarshen yaƙin da take ciki, domin zuriyar Mai Wurno na riƙe da rabin labarin da mu a nan ba mu da shi. Wannan mataki ne na gaba. Na yanzu yana hannun majalisun dokokin jihohi, waɗanda tsarin mulki ya ba ikon ayyana wuraren tarihi na jiha ba tare da neman izinin kowa ba. Majalisar Gombe na iya yi wa Burmi da Tula doka a zama ɗaya, ta Sakkwato ta yi wa Satiru da abin da ya rage na Giginya, a tura safiyo da masu binciken ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello su kafa duwatsun iyaka tare da dattawan wurin, sannan a ɗauki taswirar da dokar jihar a kai wa NCMM.